Minti Uku da Yagana

Ranar Talata zuciyar Malam Babakura ta tsaya a asibiti. Likita ta sa ana danna masa ƙirji, ana yi masa allurar adiranalin duk minti uku.

Tsakanin allura da allura sai ga marigayiya matarsa, Yagana. Shekara bakwai yana tsara abin da zai gaya mata, amma mutumin unguwar Gwange ba ya tsallake gaisuwa. Ita kuma ta tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta.

Ya buɗe baki ke nan, allura ta biyu ta dawo da shi.

"Sannu, Baba!" in ji likita.

Ya harare ta. "'Yar nan, littafinku ya ce minti uku zuwa biyar. Gaggawar me kike?"

Kalma huɗu ce kacal ya so ya faɗa wa Yagana: "Ke ce da gaskiya."