Takalmin Sani

Ranar da Baffa Bala, ƙanin Baba, ya zo mana Kinkinau daga ƙauye, bai kawo geron da ya saba kawowa ba. A sabon babur ya iso da ɗansa Sani, wanda takalminsa ke kawo wuta duk inda ya taka. Na tura tsinkakken silifas ɗina ƙarƙashin benci.

Baba ya ce, "Bala, ina gero?"

"Yaya, gonar duk ta zama ramukan zinariya. Rafin ma shanu sun daina sha."

Idon Baba ya kawo ƙwalla. Ni kuwa ƙafar Sani nake kallo. Yanzu na san abin da Baba ya rasa, amma a ranar, da ni aka tambaya, har gonar maƙwabta sai a haƙe.