Mutumin Fatakwal

Nu'uman ya wuce Kafin Hausa da hantsi, bayansa a ƙage, idanunsa kamar an watsa musu barkono. Tun jiya da asuba ya baro Fatakwal, shi kaɗai a tsohuwar motarsa, bayan ƙanwarsa Shamsiyya ta kira ta ce jikin Iya ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa. Makurɗi, Lafiya, Jos, duk ya ratsa su bai san kamanninsu ba. Salla da shan mai kaɗai ke tsayar da shi, sai ɗan runtsawar da ya yi a Ningi.

Abu ɗaya yake bi da wannan gudu. Shi ɗan fari ne, Iya Gumsu kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Furfura ta fito masa a gemu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yana yaro "wancan" ne, da ya tafi kudu ya koma "mutumin Fatakwal". Ko waya ya kira, sai ta tura wa Shamsiyya, ta ce a tambayi mutumin Fatakwal ko yana samun tuwo a can.

Ya sha tsokanarta. Wata salla ya ce zai sayi sunan da turmin atamfa, ta ja mayafi ta juya wa bango fuska, ta ce a gaya masa ba na sayarwa ba ne. Kowa ya yi dariya har da shi, amma abin yana cin ransa. Yanzu ga wani turmin a kujerar baya, ga kuma tsoron kada ta tafi kabari da sunan a cikinta.

Bayan Haɗeja ya ɗauki hanyar Guri. Damina ta yi ƙarfi, gonakin shinkafa duk sun nutse, kan ciyawar kacalla kawai ake gani. Da ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyensu, bai yi nisa ba hanya ta shige cikin ruwa.

Wani mai kwalekwale, Bunu, yana zaune a gaɓa. Ya ba shi shawara ya ajiye motar, ya jira a samu mutane a tsallaka tare.

"Uwata ce ba lafiya," in ji Nu'uman. "Ba ta da lokacin jira."

Ya hango sanduna a jere cikin ruwan. Ya tuna tun suna yara haka ake kafa su a gefen hanya idan kogi ya kawo. Shi da aka haifa a nan, wa zai koya masa? Wata gora da ke ɗaure a jikin ɗaya daga cikinsu tana lilo, bai kula ta ba. Ya yi bisimilla ya shiga. A madubi ya ga Bunu ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu biyu.

Ruwa ya kai taya, ya kai ƙofa. Sanyi ya taɓa ƙafarsa, gaban motar ya dulmiya, ya rintse ido yana salati.

Da ya buɗe, yana kan busasshiyar ƙasa. Ya yi hamdala. Motar da ta yini tana tari yanzu tafiya take sumul, ko ƙara babu. Rana ta karkata zuwa la'asar, ya rasa inda azahar ta shige, ya ɗora laifin a kan gajiya. Rigarsa sharkaf, sanyi har cikin ƙashi. Ya iske shanu kwance a hanya, ko kunne ba su kaɗa ba da ya wuce.

A bakin gari ya ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, makara a kafaɗarsu ba kowa a kanta. Ya gane kawunsa Haris a gaba. Har da Bunu a cikinsu, wando a jiƙe, yana faɗa wa na kusa da shi cewa sandunan nan na masunta ne, na ɗaure komar kamun kifi. Nu'uman bai tsaya tunanin yadda kwalekwale ya riga mota ba. Zuciyarsa ta riga ta karye: ya makara.

Ya yi sallama a zaure, ba wanda ya amsa. Bai ga laifinsu ba, gidan mutuwa ne. Ya shige ciki yana kuka kamar yaro.

Mata sun cika tsakar gida. Shamsiyya na gefe, ido ya kumbura. Can jikin bango kuwa, an tokare ta da matashi, ga Iya a zaune. Ta rame ƙwarai, amma carbi na tafiya a hannunta.

Daɗi ya kusa kayar da shi. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta. Ba ta dube shi ba, ba ta amsa ba, shi ma bai sa rai ba, haka suka saba. Sai dai ya rasa wanda aka kai maƙabarta. A kan cinyarta akwai turmin atamfa, irin wanda ya bari a mota sak, ruwa na ɗiga daga gefensa.

Maƙwabciyarsu 'Yar'azumi ta matso tana ba ta haƙuri. Iya ta daɗe tana shafa atamfar. Sannan ta ɗaga kai, ta dubi daidai inda yake durƙushe, ta wuce shi da ido zuwa ƙofa.

"Ya biya, ban ba shi ba," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙan Nu'uman."