Kwalaben Yawun Mas'uda

"Likita, faɗa mata gaskiya a gabana," in ji Manzo. "Shekara shida ba haihuwa, kuma an ce in yi ta haƙuri."

Matarsa Mas'uda ta sunkuyar da kai. Wata guda cur tana tofa yawu a 'yan kwalabe kowace safiya, don a auna sinadarin jikinta da ke hawa da sauka tare da al'ada. Manzo ne ya ɗauko su a moto daga Kwaya zuwa Magariya.

Likitar ta dubi takardar, ta dube shi.

"Malam, kwalaben nan sun zube a hanya?"

Ya sosa ƙeya. "Rairayi ne ya kayar da ni, sai na cike su da kaina. Yawu ai yawu ne."

"To, naka muka auna. Kuma sinadarin maza ya yi ƙasa ƙwarai, kai ya kamata a fara dubawa."

Mas'uda ta ɗago kai, ta gyara mayafi.

"Likita, a ba maigida kwalabe. Nasa ni zan kawo, ba zan bari ko ɗigo ya zube ba."