Farin Macijin Ɗakin Baya

A shekara guda Ba-Ragi ta rasa miji, ta rasa shagon ɗinkinsa na bakin titi da kekuna biyun da ke ciki. Abin da ta samu shi ne tsohon gida mai ɗaki uku a gangaren kwata, wanda ruwan sama ke shiga ba sallama, sai kwalin littattafan marigayi da ba wanda ya yi rigima a kansu.

Man girki take sayarwa a kwalba, kuma ba a taɓa jin ta sauko daga farashin da ta faɗa ba. Can sunan ya samo asali.

Shagon ya faɗa hannun ƙanin mijinta, wanda dangi ke kira Akawu don shi kaɗai ya yi karatu mai zurfi. Shi ya rubuta takardar rabon gado, shi ya karanta, shi ya nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Ya ce gida ya fi wa mace mutunci. Mutuncin nan har gwiwa yake kai mata idan an yi ruwa.

Wata safiya ta same shi a ƙofar shagon yana kallon telolin da ya ɗauka haya, ta miƙa masa wani ɗan littafin fassarar mafarki, kansa a ƙasa.

"Akawu, duba mini. Kwana bakwai ke nan ina ganin farin maciji mai santsi ya naɗe a tsakar ɗakin baya. Ba ya sara, ba ya tafiya, kallona kawai yake."

Ya juya littafin yana murmushin tausayi. Bai sha wahalar nema ba, littafin da kansa ya buɗe a babin macizai, shafin duk maiƙo. Baƙi maƙiyi ne, ja annoba, mai kai biyu munafukin dangi. Can ƙasa ya ga na fari: wanda ya gan shi naɗe a ɗakinsa bai sare shi ba, to akwai dukiya binne a wurin.

Akawu ya sake karanta layin. Yayansa ya shekara talatin yana ɗinki bai taɓa taka banki ba, kuma da ya rasu ba a samu komai a aljihunsa ba sai allura da rabin goro. Dangi sun daɗe suna tambayar inda kuɗin suka shige.

Ya rufe littafin a hankali, ya sa a aljihu.

"Matar Yaya, sai haƙuri. An ce mutuwa ce ke gadin ɗakin. Wanda ya gani ya bar gidan kafin wata ya ƙare."

Ta dafe ƙirji. Ya lura ba ta rame ba, idonta ma fes, ya ce a ransa jahilci ma wani irin hutu ne.

Washegari ya zo da sadaukarwa: zai karɓi gidan da macijinsa, saboda zumunci. Ya yi tayi. Ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. Ya tuna mata bango ya tsage, ta ce ta tsagar take shan iska. Ya tuna mata mutuwa, ta ce mijinta na can, ba baƙon wuri za ta ba.

Kwana uku yana zarya. A na huɗu ta ce ai ta yi shawara, za ta kira mai haƙar rijiya ya fasa daɓen ɗakin, in ramin macijin ne a ƙasa a kashe shi kowa ya huta. Akawu ya kusa haɗiye harshensa. Ya ce ba a wasa da irin wannan, ta faɗi abin da take so kawai.

Ta ce shago.

Ya yi dariya, ya tashi, ya kai ƙofa, ya dawo. Ya ce shago ba kekuna. Ta aika 'yarta ta kira mai haƙa. Kafin 'yar ta gama neman takalmi an daidaita. Wannan karon Ba-Ragi ta kawo shaidu huɗu, ta sa aka karanta takardar sau biyu, sannan ta dangwala.

Akawu bai ɗauki lebura ba, wa zai yarda da lebura a kan irin wannan aiki? Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba ya kama diga. Ya fasa ɗakin baya, ya samu gara. Ya ƙara ƙasa, ya samu tsohon bututu, ya fasa shi. Ya koma ɗakin tsakiya, ko macijin ya yi kuskuren ɗaki.

Bayan mako biyu ya iso shagon, tafin hannu duk bororo, laka har gira. Ba-Ragi na kan kujerar marigayi, kwalaben man girkinta jere a gaba, kekuna na kuka a bayanta.

"Matar Yaya, macijin nan, ta wace kusurwa ya sa kansa?"

"Ai kai ka karanta mini, Akawu. Mutuwa ka ce. Ita kake tono da gaggawa haka?"

Ya juya ya kama hanya.

'Yarta ta bi shi da kallo, sannan ta sunkuyo. "Umma, tun da muka tashi kin sake ganinsa?"

Ba-Ragi ta toshe bakin kwalba, ta goge yatsa a zani.

"Ni da ko mafarkin kaza ban taɓa yi ba? Wata biyu na yi ina bin shafin nan da yatsa, baƙi bayan baƙi. Macizai goma sha ɗaya na tarar, na zaɓi wanda ya fi tsada, na sayar wa baffanki a kan shago da keke biyu."