Hoton da Ba a Ɗauka Ba

"Malam, ɗago ka dube ni mana."

"Ai ina dubanki, Nazifa. Sai dai takalmanki kawai nake gani."

So ya yi ta yi dariya, sai ta fashe da kuka. A tsaye suke a barandar wani asibiti a Katsina, Ikrima ya dogara da sanda, bayansa ya lanƙwashe har ba ya iya kallon fuskar matarsa.

Shekara tara baya, yana ango, babu saurayin da ya kai shi miƙewa a ƙauyensu, Babban Duhu. Ciwon a ƙugu ya fara. Da asuba bayansa ya sage, ruku'u ya gagara, amma da ya kama fartanya jiki ya ɗumama sai ya sake shi. Abokai har tsiya suke masa: "Kai ciwon naka ya san gona, masallaci ne bai sani ba!"

Nazifa ta matsa suka je asibitin Batsari, aka ɗauki hoton ƙashi. Bai nuna komai ba. Likita ya ce irin wannan kumburin yakan ɓuya a gaɓoɓin ƙugu da na baya shekaru kafin hoton ƙashi ya gan shi. Ya rubuta musu takarda su je Katsina a yi hoton MRI, wanda ke gano kumburi tun gaɓa ba ta lalace ba.

Baba Muntaka, mahaifinsa, ya ɗaga hoton ya haska da rana. "Hoto ai hoto ne. Ga ƙashi nan fari fes! Kuma na ji wancan rami ne ake tura mutum ciki a kwance kamar gawa. Ɗana ba zai shiga kabari da ransa ba. Sanyi ne, a kira wanzami."

Aka kira. Duk damina ƙaho, duk rani ƙaho, har babu sauran wurin tsaga a bayan Ikrima. Takardar kuwa tana ƙasan akwatin Nazifa, takan ciro ta ta duba, ta mayar.

Sai yau ya shiga na'urar, an tokare shi da matasan kai don ba ya iya kwanciya sosai. Rabin awa, ƙara kawai, ya fito da ransa.

"Gaɓoɓin sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya," in ji likita a hankali. "Magani zai rage zafi, ya tsare sauran. Wanda ya haɗe kuwa ba ya rabuwa." Ya juya tsohuwar takardar da Nazifa ta kawo, ya dubi ranar da aka rubuta ta.

Jama'a, ciwon baya da ke sage matashi da asuba ya lafa da motsi ba lalaci ba ne, ba kuma abin ƙaho ba ne. Idan likita ya nemi hoto na biyu, ku je tun baya yana miƙe.

Baba Muntaka yana zaune a benci a barandar, hawaye na jiƙa masa gemu. Wata uku ke nan Mannir, ƙanin Ikrima, yana riƙe ƙugu a sahun asuba, har an yi wa wanzami magana.

Baba Muntaka ya miƙe.

"Nazifa, a aika wa wanzami kada ya zo. Gobe ni da kaina zan kawo Mannir, ya shiga ramin nan."