Hedimasta a Bakin Injin Markaɗe

Kai da aka damƙa wa aji, tsaya ka ji wannan. An yi wata mata mai injin markaɗe a bakin kasuwa, tana da 'ya ɗaya da sanƙarau ya tafi da jinta tun tana shekara biyar. Ta sa ta a firamaren unguwa. Da shekara ta zagayo, hedimasta ya kira uwar ya ce yarinya ba ta ɗaukar komai, a aji sai zare ido, gara a mayar da ita gida, tunda makarantar kurame tana can birni kuma ba gurbi. Bawan Allah ba mugu ba ne, yara saba'in ke gaban malami ɗaya. Uwar ta ce kan 'yarta garau yake, malamin ne ke bayani yana fuskantar allo, ya ba yara ƙeya. Hedimasta ya ce su fa koyarwa karanta ta suka yi. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma ta haɗiye. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka soke sunanta, ka zo wurin injina ranar kasuwa."

Ya zo kuwa, don kunya. Inji na ruri, mata sun yi layi da robobin tattasai da wake, kowa na ihu ba mai jin kowa. Shi kansa ya yi sallama bai ji muryarsa ba. Ga yarinya tsaye, idonta a kan bakin mutane, tana nuna wa uwar da hannu: wannan laushi take so, waccan kar a cika mata ruwa. Ko kuskure ɗaya babu. Uwar ta yi masa alama ya tambayi yarinyar sunanta. Ya tambaya, ta amsa nan take. Sai ta nuna masa ya juya baya ya sake. Da ya waiwayo, ga zare idon nan da ya sani a aji. Wallahi matar nan ta burge ni, shi ma ya burge ni, don bai tsaya kare kansa ba. Ran Litinin da hannunsa ya jawo bencin yarinyar gaba, ya kafa doka: malami ya rubuta, ya ajiye alli, ya juyo, sannan ya buɗe baki. Sunanta na nan a rajista, kafin ƙarshen zango tana haɗa baƙi. In uwa ta zo maka da magana a kan ɗanta, ja mata kujera. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.