Faifan Wane

"Kai ka ɓatar mini da faifan bikin yarona, Muttaƙa!" Inna Wasila ta doka sandarta a ƙofar shagon bidiyonsa na Konni. Tun da yaron ya rasu, a faifan nan kaɗai muryarsa ta rage.

"Inna, sai da na tsaya na zaɓi manhaja mai kyau. Duk fayafaina ta san su, suna kawai take so. Mi kika ce in rubuta ran nan?"

Yaron ɗanta na fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wane na ce maka."

Ya buga "Wane". Allon kwamfuta ya cika har ƙasa da fayafan "Wane". Ashe kowace uwa haka ta ce.

"To, ina nawa cikinsu? Amsa mini!"